Waƙoƙi Uku da Na Ƙi Karɓa Daga Bakin 'Yata

Anti Lorraine,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki lallashe ni, don ni na jawo wa kaina. Shekarata arba'in da tara, aikina gyaran na'urar ɗumama gidaje a nan Saginaw. Ban taɓa zaton zan rubuto miki ba. Gaskiya ma shafinki nake fara yagewa daga jarida in ƙulle ƙananan kusoshi a ciki, ki yafe mini. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Maganar 'yata ce, Delaney, shekararta goma sha uku. Shekara huɗu ke nan da rabuwarmu da mahaifiyarta, Tanya. Yarinyar tana wurinta a Bay City, tana zuwar mini duk bayan mako biyu, daga Juma'a zuwa Lahadi. Yanzu zuwa uku ke nan a jere ta ƙi yi. Tanya ta ce ba za ta ɗauko ta ta jefa a mota ba, yarinya ta yi hankalin da za ta san inda take son kwana. Tsorona kada abin ya zarce haka, in wayi gari ina ganin 'yata sau biyu a shekara.

Sai na koma baya kafin ki gane. Ina ɗan shekara goma sha uku aka sallami mahaifina daga masana'anta, gidanmu ya koma ba ka jin komai sai faɗa da bugun ƙofa. Ni kuwa sai in sauka ɗakin ƙasa, in raɓe kusa da injin wanki da 'yar rediyona mai kaset. Akwai wata ƙungiyar kiɗan rok, maza huɗu masu gashi har kafaɗa. Ba zan faɗi sunanta ba, don duk wanda ya san ni a garin nan zai gano ni nan take. Nakan zauna yatsana a kan maɓallin ɗauka ina jiran a sa waƙarsu, ina roƙon Allah kada mai gabatarwa ya yi surutu a kan farkonta. Kullum sai ya yi. Har yau akwai waƙar da in na ji, kunnena na jiran muryar mutumin nan yana cewa gobe za a tashi da dusar ƙanƙara. Ba ƙari nake yi ba in na ce waɗannan mutane huɗu su suka riƙe ni a shekarar nan.

Ni da aminina Duane hunturu guda muka yi muna share dusar ƙanƙara a ƙofar gidajen mutane, har muka samu na zuwa kallon wasansu a Detroit. Wan Duane ne ya kai mu, yana zaginmu tun daga nan har can. A wurin na sayi baƙar riga mai gajeren hannu, sunansu a ƙirji, jerin garuruwan da suka zaga a baya. Lokacin ta yi mini yawa, yanzu kuwa tumbi ba zai bari ta sauka ba. Tana ninke a akwati shekara da shekaru.

Bayan shekara biyu mawaƙinsu ya yi fushi ya fita, suka ɗauko wani yaro mai gajeren gashi da sanyin murya suka yi sabon faifai da shi. Ni da Duane muka tsaya a garejin gidansu muka rantse ba za mu taɓa sauraron faifan nan ba, a wurinmu ƙungiyar ta mutu ranar. Anti, alkawuran da na karya a rayuwata ba su ƙirguwa, har da wanda na ɗauka a coci gaban jama'a. Wannan na banzan shi kaɗai na riƙe sama da shekara talatin.

Kin dai san abin da muke yi wa duk wanda muka gani sanye da rigar wata ƙungiya. A tare shi a ce ya faɗi waƙoƙinsu uku, in ya kasa ya zama abin dariya. Ni ma an yi mini a makaranta, na jero goma sha ɗaya ban numfasa ba, kuma ranar na fara jin ni ma mutum ne. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar abin a matsayin cin fuska ba.

To, ranar bikin huɗu ga Yuli, na 'yancin kan ƙasa, na tara mutane a gidana ana gashin nama a farfajiya. Ga Duane da matarsa, ga maƙwabta, ga wasu 'yan mata biyu sa'o'in Delaney. Ina tsaye ina juya nama sai ga ta ta fito sanye da rigar nan. Ta ɗaure gefe ɗaya a kugu, tana tafiya a hankali tana satar kallona. Wallahi sai da zuciyata ta buga don daɗi. Amma kafin in buɗe baki Duane ya riga ni.

“Kai, mutumina, ɓarawo ya shiga akwatinka!” in ji shi. “Yarinya, kin san abin da kika sa kuwa? Rigar nan ta girme ki sau biyu da ɗoriya.”

Maimakon in rungume ta, sai na nuna ta da cokalin gashi na ce, “To, 'yar Baba, doka doka ce. Waƙoƙi uku.”

Ko ɗar ba ta yi ba. Ta jero uku ɗaya bayan ɗaya, fuskarta na walƙiya, da gani ta shirya wa tambayar. Dukansu ukun daga wancan faifan ne.

Duane ya furzar da giyar bakinsa. “Wayyo, an gama da mu! Ɗan gajeren gashin nan ta bi!”

Na ce, “A'a, waɗannan ba sa ciki. Wannan ai ba su ba ne, ɗan haya ne aka ɗauko. Sake lale.”

Ta ce, “Amma Baba, sunansu ne a jiki. Ta biyun ce ma na fi so.”

Na ce, “Abin da nake faɗa ke nan, ku 'yan yanzu waya ta lalata muku kunne. Je ki cire kafin rigar ta ji kunya.”

Kowa ya fashe da dariya, har ƙawayen nata. Ita ma ta ɗan yi, irin wadda ba ta wuce leɓe. Ta shiga ciki ta fito da rigarta, ta ci abinci, ta taya kwashe kwanuka. Ni har na manta. Ranar Lahadi bayan na mayar da ita sai na tarar da rigar a kan injin wanki, an wanke an ninke tsaf.

Da zuwa na biyu ya wuce ba ta zo ba na kira Tanya ina faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, “Kai wane irin mutum ne? Mako uku yarinyar nan tana kulle a ɗaki tana jin tsofaffin nan naka masu ihu, har ni na fara ciwon kai. Faifansu shida ta saurara, duka, don ta burge ka. Wanda ya yi mata ta zaɓa. Kai kuma ka sa ƙatti suka yi mata dariya.”

Tun daga nan abubuwa suke ta dawo mini. Da can in ta shiga a-kori-kurata takan haɗa wayarta ta sa waƙoƙinsu na pop tana bi. Ni kuma sai in toshe hanci ina kwaikwayon mawaƙiyar, ina cewa na'ura ce ke rerawa. Ban lura da ranar da ta daina ba. Na dai ga ta koma saka iyafis tana kallon taga, na ce girma ne.

Makon jiya na ajiye mota a ƙofar wani gida da aka kira ni aiki, na nemo faifan nan a waya na saurara daga farko har ƙarshe. Yana da daɗi, Anti. Haushin da na ji ke nan, yana da daɗi ƙwarai. Waƙa ta biyun da ta ce ta fi so kuwa a kan wani ne da ke zaune gari biyu, duk inda ya je ana yi masa sannu da zuwa kamar baƙo. Ban sani ba ko don haka ta so ta, ai ban tambaya ba. Na zauna ina kuka a mota da kayan aiki a jikina, har matar gidan ta leƙo ta taga.

Na tura mata saƙo na ce, “Wasa nake yi, kin san halin Babanki.” Hoton babban yatsa kawai ta maido. Duane ya ce in ƙyale ta za ta huce, mu ma haka aka yi mana, mun mutu? Yanzu ga shi tsohon mawaƙin ya dawo, za su yi wasa a bikin baje kolin gundumarmu a watan Satumba. Ina tunanin in sayi tikiti biyu in haɗa da rigar in aika mata. Wani lokacin kuma zuciya ta ce in ɗauko takardar kotu in tuna wa Tanya kwanakin nan haƙƙina ne. Wanne zan yi? Na rasa inda zan sa kaina.

Mai Tsohuwar Riga, Saginaw

Ɗan'uwa Mai Tsohuwar Riga,

Ka ce kada in lallashe ka, to ba zan yi ba, amma bari in fara da inda kake da gaskiya. Son da kake wa kiɗan nan ba laifi ba ne, kuma ba yarinta ba ce. Yaron da gidansu ya rikice ya samu abin da ya riƙe shi, dole ya riƙe abin da hannu biyu har tsufa. Tambayar waƙoƙi ukun ma na yarda ba da mugunta ka yi ta ba, a ganinka ƙofa ka buɗe mata.

Sai dai 'yarka ta ci jarrabawar. Ta yi karatun da ya fi naka, tunda ita shida ta saurara kai biyar. Ta kawo amsa daidai, kai ka sauya doka a gaban ƙawayenta saboda wata rantsuwa da yara biyu suka yi a gareji. Abin da ta koya ranar shi ne ko ta bi ka har inda ka fi so, sai ta so abin yadda kai kake sonsa kafin a karɓe ta. Ko babba ne aka yi wa haka zai ja jiki.

Takardar kotu ka bar ta inda take. Kana da haƙƙi, ban musa ba, amma abin da za ta kawo maka shi ne yarinya zaune a falonka tana duba agogo. Tanya ta yi daidai da ba ta tilasta ba. Kuma matar da ta jure mako uku na kiɗan da ba ta so don 'yarta ta faranta maka ba abokiyar gabarka ba ce, ka gode mata.

Tikitin ma ka dakata. In ka kai ta wurin nan, rabin hankalinta zai kasance a kan fuskarka, tana duba ko ta yi tafi a inda ya kamata. Ka je da Duane ku yi ihunku ku dawo da ciwon baya. Rigar kuwa da hannunta ta wanke ta mayar, amsa ce ta ba ka. Kada ka tura mata kamar ba ka ji ba. In wata rana ta tambaya, ka miƙa ba tare da jawabi ba.

Saƙon da ka tura ba ban haƙuri ba ne. Ce mata ka yi wai laifin nata ne da ba ta gane wasa ba. Ka ɗauki biro da takarda, layi biyar sun isa. Ka ce ta amsa daidai kai ka ƙi karɓa, ka kunyata ta a gaban mutane, kuma ka yi nadama. Ka ce ka saurari ta biyun, ita ce da gaskiya. Kada ka sa “amma”, kada ka ba ta tarihin ɗakin ƙasa, kada ka tambayi yaushe za ta zo. Ka roƙi Tanya ta miƙa mata, sannan ka jure shirun da zai biyo baya ko da na wata guda ne. Duane kuma ka gaya masa a fili cewa wasan ya ƙare a kan 'yarka. Ya ce ba ku mutu ba, gaskiya ne, amma ga ka nan kana kuka a ƙofar gidan mutane.

Ranar da ta sake shiga motarka, ka miƙa mata igiyar haɗa waya ka kama bakinka. Ko “wannan ba laifi” kada ka ce, shi ma maki ne kake bayarwa. Ka tambaye ta wace ce mai waƙar, ka saurari amsar har ƙarshe. Ni shekarata sittin da bakwai, kuma har yau ina tuna ranar da mahaifiyata ta kashe mini rediyo a tsakiyar waƙa ta ce hayaniya ce. Na daɗe da yafe mata, amma ban manta ko kalar labulen ɗakin ba.

Shekarar nan ta goma sha uku da kake ta kewa, ɗan'uwa, 'yarka yanzu take cikinta, kuma saura mata 'yan watanni ta fita. Abin da take ji a bana shi zai sa ta ajiye mota a gefen hanya tana da shekara hamsin. Ko ka so ko ka ƙi kana cikin abin da za ta tuna a ranar, abin da ya rage a hannunka shi ne da wace fuska. Ka rubuta takardar yau, kada ka bari sai gobe.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sa ta dawo maka da ƙafarta.

Anti Lorraine