Tafiyar Baba ta ragu, yayyena sun ce ƙasaita ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a jagule yake.

Mahaifinmu tsoho ne, yana Zango shi kaɗai tun rasuwar Inna, ni ina aure a Kara-Kara, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Mutum ne da in ka je gaishe shi sai ya rako ka har bakin titi, kana haki yana gaba. Bara rakiyar ta dawo ƙofar gida, bana iyakarta zaure, nan ma yana dafa bango. Na kai shi asibiti, likita ta sa ya taka daga ƙofa zuwa taga tana duba agogo, ta ce wannan jan ƙafar ba tsufa kaɗai ba ne, bai kamata ya ƙara zama ba kowa kusa ba.

Na faɗa wa yayyena maza biyu. Babban ya ce wai takun manya ne, mu jinin Barno ne, dattijo ba ya sauri. Ƙaramin ya ce ai Baba ibada ya ƙara, tun hantsi yake fita masallacin Juma'a. Ibada ko lissafin hanya? Ranar da aka kai amininsa makwanci, sai da jama'a suka juyo suka tarar da Baba zaune bakin hanya bai isa ba, babban namu ya dinga ce wa mutane wai tsayawa ya yi addu'a, ko kunya babu. Sun sani sarai, ba mai son ya ɗauke shi ne. Kowa da gidansa har da ɗakin baƙi, ni ɗaki biyu muke haya da yara biyar.

Shekaranjiya na kai masa fura, na same shi bayan ɗaki a durƙushe yana wanke wandonsa, ya kasa tashi. Bai kai makewayi a kan lokaci ba, kuma tabarmarsa ta nuna min ba ranar aka fara ba. Na ɗaga shi, bai yarda mun haɗa ido ba, ya ce, "Uwata, ki rufa min asiri. Su har yanzu uba suke gani."

Lahadi akwai zaman gida. In na faɗa, ba su da sauran wurin ɓuya, amma na tona mutumin da ya roƙe ni da bakinsa. In na yi shiru, wata rana a ƙasa za a tsince shi. Ku da kuke da tsofaffi a gida, in faɗa ko in rufe?