Makullin Ɗakin Larai

Ƙofar Jatau,
Birnin Zariya.
Lahadi, 12 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maryam da yara, Ya kuma dafa maka a wurin aikinka can Fatakwal. Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah. Yaya Sani ya samu sauƙin ƙafar, har ya koma zaure yana ba da karatu bayan la'asar. Likita ya hana shi gishiri, shi kuma ya hana kowa ya tuna masa. An sa ranar auren ɗansa Haisam, ƙarshen Disamba in Allah Ya kai mu. Damina ta yi albarka bana, ta kuma yi ɓarna, don katangar bayan gida ta zube wajen rijiya, amma ba ta taɓa kowa ba. Ni kuwa gwiwoyin nan suna nan yadda ka san su.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a waya maimakon kira. Na zauna na rubuta ne na ɗauki hotonsa na turo, saboda in muna waya kai kake magana ni ina cewa to, kafin in haɗa abin da ke bakina ka ce ana nemanka a ofis. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, ban saba a katse ni ba. Don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe. Maganar 'yarka Ibtisam ce, da inda za ta zauna a shekararta ta biyu a jami'a.

A watan jiya ka ce min ka gama magana, gida za ta ci gaba da zama tana zuwa Samaru tana dawowa, ba za ta koma ɗakin kwanan ɗalibai ba. Ka ce ita ma da bakinta ta faɗa maka ta fi son gida. Na goya maka baya, har na ƙara da cewa hankalina ya fi kwanciya in ina ganinta kullum. To Abdulbaƙi, ni da kai duk ba mu san abin da muke faɗa ba. Kai kana da uzurin nisa. Ni da nake tsakar gida ɗaya da ita ba ni da uzurin komai.

Shekara guda ke nan yarinyar nan tana fita da an sallame asuba. Ta taka zuwa bakin titi, ta hau adaidaita zuwa Ƙofar Doka, ta tsaya jiran bas, wata rana ta sauka a hanya ta sake wata. Karatun harhaɗa magunguna kuma ba a tashi da wuri, sai a riƙe su a ɗakin gwaje-gwaje har yamma lis. Tana shigowa gida ana kiran magariba, wani lokaci har an idar. Ta rame, idanunta sun faɗa. Na sha leƙa ta in tarar ta yi barci a zaune, littafi a cinya, tuwo ya huce a gefe. Ni da wayona sai nake cewa ai haka karatu yake, mu ma mun sha wuya.

Ranar wata Talata a cikin Agusta aka wayi gari da hadari. Ta fita kamar kullum, tana da jarrabawar gwaji ƙarfe takwas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe bakwai da rabi ina zaune a ɗaki sai na ji motsi a saman soro. Na leƙa, sai ga Ibtisam a kan rufin ɗakin mahaifiyarta marigayiya Larai, ta ɗaure hijabi a ƙugu, ta durƙusa cikin ruwa tana tone indararo da hannu. Ashe ta kai Ƙofar Doka ta tuna ba ta share shi ba, ta san in ya toshe ruwa zai kwanta a kan rufin, sai ta juyo. Jarrabawar nan ta wuce ta, kwas ɗin kuma sai ta maimaita shi bana. Na tabbata ba ta faɗa maka ba.

Ka san bakina. Tana saukowa na rufe ta da faɗa, ban bar komai ba. Na ce wace irin sakarya ce za ta bar jarrabawa saboda tulin ƙasa, na ce uwarta ba don ta zama magini ta haife ta ba. Tana tsaye ruwa yana ɗiga daga jikinta, har na gaji don kaina. Sannan ta ce, a hankali, ita ta san ɗakin ƙasa ne, amma shi kaɗai ya rage mata. Ta ce tun bara aka ba ta gado a ɗakin kwanan ɗalibai ta ƙi karɓa, ta ɓoye mana. Ta ce ba gida ta fi so ba, karatun take so kamar ranta, tana kuma ganin yana zame mata. Amma ta san ranar da ta ɗauki akwatinta, ranar za a karɓi makullin.

Sai a lokacin na gane. Ka san dokar gidanmu tun zamanin kakanmu, ba a kulle ɗaki a bar shi. Duk wanda ya tashi, ko aure ko aiki ko karatu, makulli hannun mai gida yake komawa, shi kuma ya ba mai bukata. Kai ma da ka tafi Kano karatu, kafin ka dawo hutun farko an ba Nasiru ɗan Baffa shagonka, ka yi sati ba ka yi wa kowa magana ba. Yanzu mai bukata shi ne Haisam. Yaron nan ba shi da mugun nufi ko kaɗan, amma tun bara da aka fara zancen aurensa ya faɗa a tsakar gida cewa in ɗakin ya zo hannunsa rushe shi zai yi ya ta da ciki da falo na bulo, domin gadon amaryar zamani ba zai shiga ta wannan gajeriyar ƙofa ba. A kunnen Ibtisam ya faɗa, tana wanke-wanke, babu wanda ya lura da ita.

Da farko na ɗauka abin mai sauƙi ne. Na je na samu Yaya Sani na roƙe shi a yi mata alfarma, a kulle ɗakin har ta gama. Bai ce a'a ba, sai ya aika aka kira Malam Lawal magini, wanda yake mana yaɓe tun muna yara, ya ce in ji daga bakinsa. Tsohon ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya duba azara, ya ce ginin lafiya lau yake, zai iya ƙara shekara hamsin. Amma ya ce in aka kulle shi, damina biyu ba zai kai ba. Ɗakin ƙasa sai da mutum a ciki, wanda zai ga ɗigon farko tun bai zama yoyo ba, ya ga hanyar gara a bango ya kankare, ya buɗe ƙofa iska ta shiga. Ya ce ba mugunta ta sa kakanninmu suka kafa dokar ba, sun ga ɗakunan da aka kulle ne sun faɗi. Ke nan ko a ba Haisam ya rushe, ko a kulle ya rushe da kansa. Abin da yarinyar nan take ɗauke da shi ke nan ita kaɗai, shekara guda, mu muna yaba mata da son gida.

Yanzu zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da ka auro Larai daga ƙetaren Galma, 'yar manoma, ban yi murna ba. Ina ganin mu gidan malamai ne, 'yan birni, ita kuma ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba. Ka tuna da cikin Ibtisam wata bakwai ta ƙi yarda a sa mata siminti, ta kira mata biyu daga garinsu suka yi daɓen ɗakin da hannu, suna bugawa suna waƙa, suka shafe shi da makuba har yana sheƙi. Ranar suna, abokan aikina malamai za su zo, na shiga na ce a yi maza a shimfiɗa leda a rufe ƙasan nan, kada baƙi su ɗauka a ƙauye ake sunan. A gabanta na faɗa, tana zaune da jaririya a hannu. Ta miƙe da ɗanyen jiki ta shimfiɗa ledar da kanta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar min da maganar ba, kullum Yaya sama Yaya ƙasa.

Da ciwonta ya yi tsanani, ni ta kira, ba kowa ba. Ta ce ni ce mai ilimi a gidan, ta bar min amanar karatun Ibtisam, kada in bari wani abu ya yanke shi. Na ce to. Ya kamata a wannan zaman in ce ta yafe min, kalma biyu kawai, amma girman kai ya riƙe min harshe, na ce sai ta ji sauƙi. Kwana huɗu bayan nan aka fita da ita. Tun ranar ban sake taka ɗakin ba, in zan kira Ibtisam daga bakin ƙofa nake tsayawa. Kunya ce ta hana ni, ba komai ba. Ga shi amanar da ta ba ni tana lalacewa a gabana, saboda ɗakin da na raina.

Ranar Alhamis da ta wuce na cire makullin ɗakina na kai wa Yaya Sani. Na ce ga ciki da falo na bulo, da banɗaki a ciki, a ba Haisam, ko fenti ba ya bukata. Ni zan koma ɗakin Larai. Yaya Sani ya tuna min cewa ni na gina ɗakin nawa da kaina bayan na yi ritaya, don in huta, ya kuma tambaye ni yadda zan yi da gwiwoyina, ga dokin ƙofa mai tsawo, ga banɗaki can ƙarshen tsakar gida. Na ce gwiwoyin nawa ne. Ya ce doka dai ta ce kada a bar ɗaki babu kowa, ba ta faɗi wanda zai kwana a ciki ba, ya karɓa ya sa albarka. Haisam ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri, wai bai san haka abin yake ba. Na ce ya tashi, bai yi laifin komai ba, ya dai kula min da famfon don yana ɗiga.

Kwanana uku ke nan a ciki. Ibtisam ta zagaya da ni kamar sabuwar ɗaliba, ta nuna min kusurwar da ɗigo yake fara fitowa, da inda gara take ɓullowa bayan ƙofa. Hawa rufi kam na bar wa Malam Lawal, ban yi hauka ba. Na sa an naɗe ledar da ke ƙasa. Abdulbaƙi, shekara goma sha tara, daɓen nan ko tsagewa bai yi ba. Tayil ɗin da nake taƙama da shi kuwa shekara huɗu ya fara ɗagowa. Da na idar da sallar asuba ta farko a kansa, na zauna na dafa shi da tafin hannu, na faɗi kalmomin nan biyu da ƙarfi, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita. Allah Ya jiƙan Larai, Ya sa ta huta, Ya yafe mana.

Saura kai. Bana ma an ba ta gado, amma in ba ta shiga ba zuwa Juma'ar nan wata za a ba, su ma can irin dokarmu gare su. Na san abin da kake tsoro, da abin da mutane za su ce an bar 'ya mace ta kwana a waje. Jiya na ja ƙafata na je na ga wurin da idona. Mata ne zalla, na gaisa da waɗanda za su zauna tare, ɗayarsu ma 'yar Ƙofar Galadima ce, na san kakarta. Daga nan zuwa ajinsu tafiyar minti goma ce. Duk Asabar ɗin da ta samu sarari za ta zo gida, gadonta yana nan kusa da nawa. In tsoro ne, ni hanyar nan da take bi kullum ta fi ba ni tsoro. Ita ba za ta roƙe ka ba, tana jin nauyin ta riga ta faɗa maka abin da ba shi ne a ranta ba. Ka kira ta kafin Juma'a. Kada ka ce mata in tana so, don za ta ce duk yadda ka ce. Ka ce mata ta tafi, ka sa mata albarka, ta ji daga bakin ubanta.

Ka gaishe min da Maryam da kyau, ka ce na gode da man zafin da ta aiko, yana yi min aiki. Ka shafa min kan Nasidi da Mairo. Yaya Sani yana gaishe ka, Haisam ma haka, ya ce in tuna maka ranar.

Abu na ƙarshe. Shekara shida ke nan in ka zo Zariya a Tudun Jukun kake sauka, ka leƙo zaure a kira mu mu fito mu gaisa, ka juya. Ban taɓa yi maka magana ba, don na san abin da kake gudu, ni ma shi nake gudu. To in ka zo bikin nan ba zan fito zaure ba. Ni ce babba, kai za ka shigo ka gaishe ni, ka kuma san inda nake. Ƙofar gajeriya ce, sai ka sunkuya.

Allah Ya tsare min kai, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Safiyatu.