Farin Tanki Mai Keji

Ƙaraye, Litinin

Zuwa ga matata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, jiki yana ƙara ƙarfi. Yaya Abdulmutalib da rigimarsa? Ki gaishe mini da Baba da Inna da duk mutanen Zoza. Wayarki kullum ba caji, shi ya sa na koma takarda kamar ɗan makaranta.

Ranar suna na ga Inna da shekarunta tana jido ruwan wankan jegonki a jarka, kunya ta kama ni. A ce surukinta sana'arsa sayar da tankuna? Ga ɗaya nan na ba Sulle direba ya kawo. Na tsaya na zaɓa. Baƙin na roba shi ne na ruwa, amma ba zai shiga ƙofar zaurenku ba. Shuɗin duro ya yi kaɗan, masu man gyaɗa ne ke sonsa. Na ƙarfe na dizal ne, ba a maganarsa. Na tamfol, wanda ake naɗewa kamar tabarma, masu noman rani sun kwashe. Sai farin nan mai kejin ƙarfe, lita dubu, da famfonsa a ƙasa. Masu kurar ruwa su cika shi, Inna ta huta.

Kwance ne, an taɓa amfani da shi a kamfani, kamar duk masu kejin da nake sarowa a Kano, takardar jikinsa ma ta goge. Kada ki damu, kin san mijinki. Ke ce mai cewa hancina ya fi na kare, ko miyar maƙwabta na san abin da aka saka mata. Da shi nake raba tankin da aka zuba wa lemo da wanda aka zuba wa magani shekara tara. Na wanke tankin sau biyu.

Mura tana ɗan damuna, ba wani abu ba ne.

Naki,
Badaru

Ƙaraye, Asabar

Zuwa ga Nuriyya,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Yaya jikin naki? Allah ya sa mai ceto ne. Ki gaishe da Baba da Inna, Allah ya ba mu dangana.

Tun da na dawo daga jana'iza nake buɗe shago in zauna. Mutane suna zuwa gaisuwa, ina amsawa. Ina cin abinci idan an kawo. Jiya wani mai kiwon kifi daga Kafin Dafga ya zo neman mai keji, na sayar masa, na taya shi ɗaurewa a mota, sai da ya tafi na tuna ban ce masa ko sannu ba. Ban yi kuka ba har yau, kuma ban san dalili ba.

Sun ce zazzaɓi ne da ƙurajen da suka feso masa. Kwana goma sha tara ke nan duka ya yi. Inna ta ce ke ma fatarki tana saɓa, wai zafin ruwa ne. Ranar Laraba zan shigo in Allah ya yarda.

Naki,
Badaru

Ƙaraye, Juma'a

Zuwa ga Nuriyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ƙaiƙayin ya lafa. Ki sha maganin da likita ya rubuta, kada ki tsallake. Ina gaida Baba da Inna.

Wannan takardar ki karanta ke kaɗai.

Ranar Laraba kin ga na tuntsurar da ruwan, na ce wa Baba tankin yoyo yake yi, na ɗauke shi, na matsa sai an kai ki asibiti. Ba yoyo yake yi ba. Ƙarya na yi wa Baba a tsakar gidansa.

Tun kafin ki haihu murar nan ta tafi da hancina. Wata guda da rabi ba na jin warin komai, ko hayaƙi. Ban gaya wa kowa ba, don idan aka ji a kasuwa babu mai ƙara yarda da kayana. Na ci gaba da buɗe murfi ina sunsunawa ina gyaɗa kai. Naku ma haka na yi masa, a gaban Sulle.

Da safiyar Larabar hancin ya dawo, ina alwala na ji ƙamshin sabulu. Da na iso na buɗe murfin don in ga ko ruwa ya yi ƙasa, sai ya buge ni. Maganin kashe ciyawa ne. Roba tana shan irinsa, wanki ba ya fitar da shi, ni na fi kowa sani. Ku kun ɗauka warin sabuwar roba ne, tunda ni na aiko.

Na keɓe da likita na gaya masa. Ya ce ba zai iya cewa shi ne ba, ba zai iya cewa ba shi ba ne. Da wannan ruwan aka yi wa yaron wanka safe da yamma kwana goma sha ɗaya.

Na bi mai kifin har Kafin Dafga na duba nasa, na lemo ne. Namu na fasa shi da gatari, kejin yana bayan shago. Sabon baƙi yana hanya, a ajiye shi a ƙofar gida.

Idan kin ga dama ki nuna wa Baba wannan takarda. Idan kwana arba'in sun cika kika ce ba za ki dawo ba, ba zan aiko kowa biko ba. Ban nemi ki yafe ba tukuna, ban san yadda ake neman irin wannan ba.

Yanzu komai ina jinsa, har turarenki a jikin labule. Mata suna cewa kan jariri yana da wani ƙamshi nasa. Ranar suna da Inna ta miƙo mini shi na sa hancina a kansa na daɗe, ban ji komai ba. Idan kin tashi ba ni amsa, ko ba ki ce komai a kan sauran ba, ki gaya mini yadda ƙamshin yake.

Mijinki,
Badaru