Layukan da Ba a Binne Ba

Kwarin Willamette, Oregon
Farkon Nuwamba

Zuwa ga Yayata Lorna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ke riga kowa sanin za a yi ruwa. Yaya kunnen? Na san in na kira ki a waya, "me kika ce?" ce za ta cinye rabin hirar, shi ya sa na ɗauki biro kamar yadda muka saba.

Kada ki yi mamakin adireshin. Na biyo ayarin masu haɗa giyar inabi na yankunan sanyi, muna zagaya gonakin nan muna ɗanɗanawa. Aikin ke nan tun safe: a zuba miki, ki juya kofi, ki shinshina, ki kurɓa, ki tofar a bokiti. Yaya, baƙin inabinsu na Pinot ya ba ni haushi don daɗi. Irin ƙamshin da nake wahalar nema a gida shekara da shekaru, su nan kamar a bakin hanya suke tsintarsa.

Sun tambaye ni yadda muke yi da sanyi a Ontario. Na ce muna kwantar da rassan inabi mu ɗaure su a wayar ƙasa, mu bi da tarakta mu huɗa ƙasa a kansu, sai bazara mu tone. Wani saurayi ya ajiye kofinsa ya ce wai da gaske muke binne itace da ransa duk shekara? Aka yi ta dariya, har da ni. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wani Rejean daga Quebec, gajere mai baki kamar reza, wanda shi ma ya san abin da Janairu ke yi wa inabi. Da muka koma mota ya ce da ni, "Glenna, ke da kika baro miji cikin taɓo, ai sai ki haɗiye ko kurɓi ɗaya, ko zuciyarki ta kwanta." Na ce masa ya ji da tasa gonar.

Amma ya taɓa inda ke ciwo. Ba mu binne ko layi ɗaya ba kafin in taho. Mun gama ɗaure rassa, sai ruwa ya tsinke, ƙasa ta zama kunu, tarakta ba ta shiga. Wendell ya ce in tafi abina, kafin ƙasa ta sha iska na dawo. Kin san mijin nan nawa, ko gida ke cin wuta cewa zai yi "a bari mu gani". Ni kuwa na karɓi maganar da hannu biyu, don ita nake son ji.

Akwai abin da ban gaya masa ba, ke ma sai na shirya. Ki sani dai na sako almakashina na yankan rassa a cikin akwati, wanda kullum ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin gangunan giyarmu.

Ki gaida Bernice maƙwabciyarki, ki ce na gode da kula da ke da take yi.

Taki ƙanwarki,
Glenna

Kwarin Willamette, Oregon
Tsakiyar Nuwamba

Yaya Lorna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina fata sanyin bai fara matsa wa gwiwar ba. Ni jikina lafiya lau, zuciyar ce ba ta zauna ba.

Ga abin da na ɓoye. Akwai wata dattijuwa a nan, Corinne, mai gonar inabi a kan tudu. Mun haɗu a wani taro bara, ta ɗanɗani giyata ta ce hancina ya fi ƙarfin gonar da nake ciki. Mai haɗa mata giya zai yi ritaya, tana son in maye gurbinsa daga bazara. Ita ta ce in zo da almakashina, wai ba ta ɗaukar mutum sai ta ga yadda yake yanka reshe. Ta gani kuwa. Na yi mata yankan layi guda, ta bi bayana tana dubawa, a ƙarshe ta ce akwai ɗan gida a gefen gonar, tagarsa na kallon kwari.

Yaya, na gaji. Shekara goma sha tara ina durƙuso cikin caɓi duk Nuwamba, yatsuna sun kangare, duk Janairu ina kallon ma'aunin sanyi kamar mai jinya. Nan ba a binne komai. Itace na tsaye abinsa duk shekara kamar itacen kirki. Na gaya wa kaina zan lallashi Wendell mu sayar mu taho tare, amma ni da ke mun san ba zai bar ƙasar mahaifinsa, Baba Elwood, ba. Layukan farin inabin Chardonnay da ke bayan rumbu shi da mahaifinsa suka dasa su da hannu, tun mutanen gari na cewa tsohon ya zautu. Har yau in zai wuce su sai ya rage tafiya.

Ranar Talata ya kira ni. Ya ce an ce sanyi mai tsanani na tafe ƙarshen mako, ƙasa kuma ta fara shan iska. Na tambaye shi ko in dawo. Ya ce, "Yadda kika gani." Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na bin baya da shebur yana rufe rassan da garma ta tsallake. Na fi kowa sanin haka, ni ce mai shebur ɗin.

Rejean ya ji labarin sanyin a wajen karin kumallo. Ko kofinsa bai ƙarasa ba ya haɗa kaya. A bakin ƙofa ya ce da ni akwai wuri a motar da za ta kai shi filin jirgi. Na ce ina tafe, akwai abin da zan ƙarasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, hajiyar hanci, a ɗanɗana lafiya."

Abin da zan ƙarasa shi ne Corinne za ta buɗe mini gangunanta ranar Juma'a, mu ɗanɗana na bana ɗaya bayan ɗaya. Na zauna, Yaya. Ba jirgi na rasa ba, ba kuma rashin lafiya ba. Na tsaya cikin ɗakin gangunanta ina juya kofi ina faɗin wannan na ƙamshin ƙasa bayan ruwa, wancan na buƙatar wata shida, ina jin daɗin yadda take gyaɗa kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da na ji na gaske ne. Na ce ta ba ni zuwa bazara in ba ta amsa, ta ce gidan ba ya gudu.

Gobe zan kama hanya. Kada ki rubuto mini faɗa, na riga na yi wa kaina.

Ƙanwarki,
Glenna

Hillier, Ontario
Ƙarshen Nuwamba

Yayata Lorna,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma fata kina cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta same ni. Na ce kada ki yi faɗa, kin yi shafi biyu, kuma ban ga inda kika yi ƙarya ba.

Na iso na tarar ƙasa ta zama ƙarfe. Na buga diddige a bakin gona, ko alama bai yi ba. Wendell na cikin rumbu yana gyaran garma da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe da tsumma don ya tsage. Ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi hanya, ya ce akwai miya a kan murhu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban cire kayan tafiya ba na fita duba gona. Kin tuna baƙin Pinot ɗina na kan gangare, wanda na dasa shekara shida da suka wuce? Wanda muka yi wata guda muna rigima a kansa, yana cewa inabin gata ne, ba zai jure wurin nan ba, ni kuma na ce in bai ba ni gangaren ba zan dasa a tsakar gida? An binne shi tsaf, layi bayan layi, ko reshe ɗaya bai leƙo ba. Na ga sawun takalminsa a daskare gefen kowane layi. Ya yi tuƙi, ya sauko, ya bi da shebur, ya koma ya hau, shi kaɗai.

Sai na zagaya bayan rumbu. Layukan Baba Elwood na nan kwance a fili, rassa ɗaure a waya, tsirara. Garma ta fara layi na farko ta yi 'yan taku, daga nan sai ƙarce-ƙarce a kan ƙasa inda ta kasa shiga.

Na koma rumbu, kuma kin san ni, in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na ce wane irin lissafi ne wannan, a bar itatuwan da ke ciyar da mu a binne na gwaji? Na bayan rumbu ne ma suka fi kusa, ƙasarsu ta fi saurin bushewa. Bai ɗago ba. Ya ce ya ga lokacin ba zai isa duka ba, dole a fara da wani wuri. Na ce to me ya sa nawa? Ya ce, "Naki yara ne. Ba su taɓa ganin sanyi a fili ba."

Mun kwashe mako muna jibga musu ciyawar alkama, iska na kwashewa muna mayarwa. Mu biyu mun san ciyawa ba ƙasa ba ce. Yanzu addu'armu dusar ƙanƙara ta sauka da yawa ta lulluɓe su kafin Janairu.

Ban gaya masa zancen Corinne ba. Akwatin na ƙarƙashin gado, na kwashe tufafi na bar almakashin a ciki. Na kasa fito da shi, na kuma kasa faɗin dalili.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Glenna

Hillier, Ontario
Watan Mayu

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kin fita hunturu lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi. Katunanki duk sun iso, ina karantawa in ajiye, don ba ni da abin faɗa sai yanzu.

Dusar ba ta zo a kan lokaci ba. Sanyin Janairu ya sauka a kan ƙasa tsirara, irin wanda ke sa katakon gida ƙara. Duk da haka mun yi ta sa rai, kin san manomi.

Makon jiya muka tone gangare. Pinot ɗina ya fito da ransa, idanun rassan sun kumbura, wasu har sun fara toho. Wendell ya tsuguna yana share musu ƙasa da yatsa yana murmushi, shi da ya ce ba za su yi shekara biyu ba. Daga nan muka tafi bayan rumbu. Ya ciro 'yar wuƙarsa yana kankare bawo, in kore ne a ciki akwai rai. Ya kankara na farko, ruwan ƙasa. Ya gangara har gindi inda aka aura reshen a kan saiwa, nan ma haka. Muka bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. A na ƙarshe ya ninke wuƙar ya sa aljihu, ya ce Baba dai ya ci gardamarsa da mutanen gari, shekara ashirin da biyar ba wasa ba.

A nan tsaye na gaya masa komai: Corinne, gidan mai taga, kiran da ya yi ranar Talata, motar Rejean, da Juma'ar da na zauna ina juya kofi. Ban rage ko ɗaya ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ya sani tun ranar da na tafi. Na ce wa ya gaya masa?

Ya ce, "Ƙusa. Mai zuwa ɗanɗanon giya ba ya tafiya da almakashi, Glenna."

Yaya, duk hunturun nan yana shiga ɗakin ganguna safe da yamma, yana wuce ƙusar nan ba komai a kanta, yana dawowa ya zauna mu ci abinci. Na ce ashe ya san ina shirin tafiya, ya bar na mahaifinsa ya binne nawa? Don ya ɗaure ni ne? Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar lokacin ba. Ya ce shi bai iya ɗaure mutum ba, rassa kawai ya iya ɗaurewa.

Ya ce, "In za ki tafi, ki tafi don can ya fi miki. Ban so ki dawo ki tarar naki sun mutu, sanyi ya yanke miki shawara ba. Kuma kada ki zauna don tausayina, ba na so."

Da yamma na shiga ɗakin ganguna ni kaɗai. Chardonnay na bara na nan cikin ganguna uku, na ƙarshe ke nan da layukan Baba za su taɓa bayarwa. Na ɗebo a kofi don in ji ko ya isa zubawa a kwalba. Ba shi da ƙamshin na Oregon, yana da ɗan tsami da wani abu kamar jiƙaƙƙen dutse, irin na ƙasarmu. Na juya neman bokitin tofi, sai na ga na riga na haɗiye.

Na rubuta wa Corinne na ce ta nemi wani. Kada ki tambaye ni ko ƙauna ce ko kunya, na juya abin ta kowane gefe na kasa raba su, kuma na gaya wa Wendell haka. Ya ce a bari mu gani. Almakashin na kan ƙusarsa, ya kuma gani.

Gobe za a tumɓuke layukan bayan rumbu. Ya ce zai kira maƙwabci ya taya shi, don kada in tsaya ina kallo. Na ce a'a. Shi zai tuƙa, ni zan bi baya in ɗaura wa kowane itace sarƙa da hannuna.

Ki zo lokacin kaka in gwiwar ta bari. Zan ajiye miki kwalba ɗaya daga na Baba.

Ni ce ƙanwarki mai ƙaunarki kullum,
Glenna