Gado Ba Ya Shan Magani

Zuwa ga Matiron,
Shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin nan namu na kudancin kogi, wanda ba zan kama sunansa a jarida ba tunda ke kin san kanki,
Kaduna.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da duk masu fararen kaya da ke ƙarƙashinki. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya ba da lada.

Ni ce mahaifiyar Hajara, ɗalibar jinya 'yar shekara ta biyu da kika dakatar makon jiya, wadda kwamitinku zai zauna ranar Litinin ya yanke ko ta koma aji ko a kore ta. A Kakuri nake zaune, maigidana ma'aikacin masaƙa ne. Na yi sakandare har na gama, don haka da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya tsara mini. Sau biyu na zo ofishinki masinja yana cewa kina mitin. Tunda jarida ba ta da masinja a bakin ƙofa, ga ni na shigo.

Bari in fara kwantar miki da hankali: ban zo roƙon a yafe wa yarinya don tawa ce ba. Duk layinmu an san ni, ban taɓa bin ɗa makaranta don malami ya dake shi ba. In ya dawo yana kuka ƙari nake yi masa. Hajara ta ba marar lafiya maganin da ba nata ba. Gaskiya ne, a gabana aka yi. Abin da ya kawo ni shi ne takardarki ta dakatarwa ta tattara laifin mutum biyar ta aza a kan mutum ɗaya, kuma ni ina cikin biyar ɗin.

Na ɗaya, yadda abin ya faru, tunda ba a tambaye ni ba.

An kwantar da gwaggon maigidana a ɗakin mata saboda ƙarancin jini, ni nake jinyarta. Gado na biyu aka ba ta, dab da ƙofar ban ɗaki. A can ƙarshen ɗaki, gado na tara, jikin taga, akwai Mama Rifkatu, 'yar Filato mai sayar da dankali a kasuwar Kakuri, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ɗora ta a kan ƙwayar nan mai sa fitsari. Kowa ya san darajar gadon taga a asibitinku, ko da ke ba ki sani ba: ta nan ake zuro kwanon tuwo bayan maigadi ya kori 'yan dubiya. Gwaggo tana son tuwo, Mama Rifkatu tana son kusa da ban ɗaki. Ranar Laraba da yamma tsofaffin nan suka ƙulla cinikinsu cikin mutunci, suka yi musayar gado. Ni na ɗauki matashin kai da buta na kai. Katunansu kuwa suna nan a teburin nas, ba wanda ya gaya musu an yi ƙaura.

Washegari da safe aka turo Hajara wannan ɗaki, ranarta ta farko ke nan bayan ta gama da ɗakin yara. Sistar da ke aiki ta riga ta zuba ƙwayoyi a 'yan kofuna, kowane kofi an manna masa filasta an rubuta lambar gado da biro. Ta miƙa wa yarinya tire ta ce ta bi lamba, ta yi sauri kafin likita ya shigo zagaye. Hajara ta iso gado na tara, ta ga Gwaggo, ta durƙusa har ƙasa da tire a hannu ta gaishe ta, ta ba ta kofi na tara. Ni kuma ina gefe ina ta fankama, ina kallon matar gado na takwas don ta san 'yata ce.

Kafin hantsi Gwaggo ta fara sintiri. Ki tuna yanzu ita ce mafi nisa da ban ɗaki a duk ɗakin, kuma da bakinta ta nema. Zuwa na uku ta ce ashe ƙarin jinin Bature ta mafitsara yake farawa. Zuwa na biyar ta tsaya a gaban Mama Rifkatu ta ce, "Ƙawata, ashe abin da kika gudo wa ke nan ba ki faɗa ba? Gadon ne ke da aljanu." Mama Rifkatu kuwa ta samu ƙwayar ƙarin jinin Gwaggo, ta miƙe ƙafa ta ce tun da aka kwantar da ita ba ta taɓa hutawa irin na ranar ba. Muka yi ta dariya, har sai da jiri ya ɗebi Gwaggo a bakin ƙofa na tare ta da ƙirjina. Daga nan dariya ta ƙare. Tsohuwar da jininta bai isa ba, aka kuma tatse mata ruwan jiki, sai da aka yi mata ƙarin ruwa kafin idonta ya dawo daidai. Mun gode Allah, su biyun sun warke sun koma gida.

Na biyu, wa ya gano kuskuren?

Takardarki ta ce "an gano". Ranki ya daɗe, "an" ba ya sa fararen kaya. Hajara ce ta ga sintirin ya yi yawa, ta koma ta buɗe katuna, ta ga mai ƙarancin jini ba ta da dalilin zaryar ban ɗaki, ta tafi da ƙafarta ta gaya wa Sista da likita. Da ta ja bakinta, da an ce tsufa ne, da kuma washegari an sake ba Gwaggo kofi na tara. Sauran ɗalibai suna kallo. Idan kuka kori wadda ta faɗi gaskiya, darasin da za su ɗauka bai fi ɗaya ba: gobe in ka yi kuskure ka yi shiru, marar lafiya ya ji da kansa.

Na uku, kofunan filasta.

Ni ba nas ba ce, amma bangon ɗakinmu ba shi da kauri, shekara biyu ina jin yarinyar nan tana hadda kamar mai tilawa. Kafin a ba da magani a tabbatar da mai shi, a tabbatar da maganin, da yawansa, da lokacinsa, da hanyar da zai shiga jiki. Har ƙanenta sun haddace. Na kuma ji tana cewa hannun da ya zuba magani shi ne zai bayar, kada ka miƙa wa mutum ƙwayar da ba ka ga kwalbarta ba. To, wa ya zuba? A aji kun koya mata abu ɗaya, a ɗakin marasa lafiya babbarta ta umarce ta da wani. Na san Sista ita kaɗai ce a kan ɗaki cike da mata, na san magani ma yanzu sai an yi sa'a ake samunsa, ban ce a tsire ta ba. Amma jiya na hango ta tana sayen tumatir a kasuwa hankali kwance, tawa kuma tana gida ta ƙi cin abinci. An bar jaki ana dukan taiki.

Na huɗu, nawa laifin, wanda ya fi ɗaukar matashin kai nauyi.

An tambayi Hajara me ya sa ba ta kira sunan da ke kati ba. Ni zan ba da amsar. Ni na hana ta. Tun tana 'yar mitsitsiya na sa mata doka cewa yaro ba ya kama sunan babba, na kuma tabbatar da dokar da muciya. A katin gado na biyu, wato na Gwaggo, an rubuta Hauwa'u Garba. Yarinyar nan ta tashi a gaban matar nan, ta ci tuwonta, ta kwana a bayanta, amma wallahi ba ta taɓa sanin sunanta Hauwa'u ba. Gwaggo ce kawai. Kuma ba ita kaɗai ba: na kwana shida a ɗakin nan, duk tsohuwa sunanta Mama, duk mai haƙorin Makka sunanta Hajiya. Kunya ce ta sa 'ya'yanmu suka fake da lambar gado. Ina nan kan bakana cewa kunya ado ce, kuma duk wanda ya kira ni da sunana a tsakar gidana zai gane kurensa. Amma idan ƙwaya na hannu, na janye dokata, kuma ina kira ga iyaye irina su janye. Gado ba ya shan magani, mutum ke sha.

Saboda haka ga roƙona.

A mayar da Hajara aji. Idan horo ne, ku ƙara mata wata guda tana wanke fo, ni zan tashe ta da asuba in rako ta. A daina zuba magani da lambar gado. A koya wa ɗalibai su tambayi marar lafiya ta faɗi sunanta da bakinta, sai su duba kati. Ta haka yarinya ba ta kama sunan babba ba, magani kuma bai ɓace hanya ba. Sai dai kada a matsa wa tsohuwa ta faɗi suna na biyu, don yawanci na mijinta ne. Gwaggo ta gwammace ta shanye tiren gaba ɗaya da ta ce Garba, alhali ya shekara ashirin a kabari. A tambaye ta unguwarsu, ko a ɗaura wa kowa sunansa a hannu yadda kuke yi wa jarirai. Batun taga kuma, ko ku gyara abincinku ko ku san cewa musayar gado ba za ta ƙare ba.

Ranar Litinin zan zo, ba ni kaɗai ba. Gwaggo da Mama Rifkatu yanzu aminai ne, sun sayi atamfa iri ɗaya, sun ce za su zauna a benci ɗaya a ƙofar kwamiti. Zan kawo kofi biyu. Idan ke ko wani a kwamitin ya iya miƙa wa kowacce nata ba tare da ya tambayi suna ba, ku kori 'yata, ni da kaina zan ɗauko akwatinta. Idan kuwa sai kun tambaya, to ku buɗe mata ƙofar aji.

Allah Ya ƙara miki lafiya da girma, Ya ba ki ikon yin adalci, Ya kuma sa ranar da za ki kwanta a gadon asibiti, bayan shekaru masu yawa, ki faɗa hannun nas mai tambaya.

Wassalam.

Taki mai girmama ki,
Maman Hajara,
Kakuri, Kaduna.