Na Ɗiga wa Kekenka Man Gyaɗa

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ina fatan Anti Rabi da yara suna lafiya. Umma tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Kekenka na ɗinkin zanen gado mai soso ya tsaya min. Hajiya Turai ta Kademi ta kawo shimfiɗar gadon 'yarta, kuma ranar Juma'a za a yi jere. Tun Litinin zare yake tsinkewa, ɗinki yana tsallake, allura uku na karya.

Gara in faɗa maka gaskiya. Man keke ne ya ƙare, na ɗiga masa man gyaɗa. Kwana biyu yana gudu kamar sabo, sai ya haɗu da ƙurar soso ya yi danƙo, har ya ɓata farin yadin Hajiya.

Jiya Hajiya ta leƙo. Na danne tabon da gwiwar hannu na ce, "Hajiya, aiki mai kyau ba ya son gaggawa." Ta daɗe tana kallona, ta ce jibi za ta ɗauka.

Kananzir zai wanke cikinsa, ko sai na kai wa mai gyara a Gaya, kasuwa duka ta ji?

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gidan. Faɗan ka ajiye shi sai an gama biki, yanzu amsa nake jira.

Ƙaninka,
Sabo, Ajingi