Takalmin da Ba Na Cirewa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau wata goma da motar Tsafe ta kife da mu, wata biyu da samun ƙafar roba. Alhamdu lillahi. Na ɗauko ƙunshin atamfofina na koma dillanci, na zaga gidaje shida a Damba ban zauna ba. Zanena har ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya ce sanyin ƙashi ne, ni kuwa ban gyara wa kowa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Matsala ɗaya: takalmin ƙafar robar. Da shi aka auna ƙafar, kuma ba ya fita sai na zauna na ɗage zane na sa hannu biyu. A ƙofar ɗakin mutane! Allah ya kiyaye. Yanzu daga bakin ƙofa nake baje kaya, in ce sauri nake. Shekara ashirin ina sayar da leshin bara da sunan sabon yayi, wannan 'yar ƙaryar ba za ta gagare ni ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Bungudu, gidan Hajiya Ummulkhairi, babbar mai sayen kayana. Za ta aurar da ɗiyarta Wasila, anko na mata sittin. Ta san na yi hatsari, ba ta san an yanke ba, don a Kano na yi jinya. Sau uku tana cewa in cire takalmi in shigo. Na tsaya a ƙofa ina zuba zance. Ta dube ni, ta dubi takalmin, ta ce, “Delu, mi ɗakina ya yi miki?” Ko ruwa ba a kawo mini ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

An ce Hajiya ta aika a kira Tambaya dillaliya a kan ankon. Tambaya, wadda ba ta bambance shadda da yadin labule!

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na koma Bungudu da safe. Na yi niyyar wata ƙaryar, har na shirya ta a mota. Da na iso sai na ga sabon kafet, na ga takalman baƙi jere a ƙofa, na fasa ƙaryar. Na zauna a dokin ƙofar, na ɗage zane, na kama takalmin da hannu biyu. Ya ƙi. Na ja da ƙarfi, ƙafar gaba ɗaya ta biyo shi.

Na ce, “Hajiya, kin ce in cire takalmi, ga shi har da gyara.”

Ba ta yi dariya ba. Ta taso da kanta ta karɓi ƙafar, ta jingine ta a cikin ɗaki, ba a waje ba. Ta ce, “Ke dai anka yi wawuya. Ni ina nan ina cewa kin yi kuɗi kin raina mu.” Sannan ta yi kuka, sannan ta taya anko da rowar da ta saba. Na gode Allah da rowar nan.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ranar ƙunshin Wasila. Zuwaira mai lalle ta gama mini ƙafar dama, ta miƙo hannu ta ce, “Inna Delu, ɗayar fa?” Na ce ta roba ce. Ta ce, “To ita ba 'yar biki ba ce?” Jan lalle ya ƙi kamawa, baƙin ya zauna raɗam. Mata suka yi ta leƙe. Na bar su, har na sayar da turmi biyu a wurin.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Lallen dama ya goge, na hagu yana nan kamar jiya aka yi. Na je Zuwaira ta sake mini na daman, don kawai ƙafafuna su yi daidai. Zanen ma na ɗan ɗage shi. Saboda ƙurar hanya ne.